Motatai ko motatta: inda ɗan Sakkwato ke tuntuɓe da mallakar Turanci

Duk malamin Turancin da ya taɓa zama da jan biro a kan takardun 'yan sakandare a Sakkwato ya san wannan jimla: "Malam Bello came with her wife." Ana ganin ta a aji ɗaya na ƙaramar sakandare, ana kuma ganin ta a takardar wanda ke shirin zana WAEC. Abin da ke ɗaure wa malamai kai shi ne, yaron da ya rubuta ta ya haddace jadawalin sarai. Tsayar da shi ka ce ya kawo kalmomin mallaka, zai jero maka su tiryan-tiryan: "my, your, his, her, its, our, their", ya ja numfashi ya ƙara da "mine, yours, his, hers, ours, theirs". Ka tambaye shi wacce ce ta namiji, ya ce "his". Wacce ce ta mace, ya ce "her". Ka miƙa masa takarda, ya sake mayar da Malam Bello mace.

A nan ne akan ce yaro ba ya mai da hankali. Ni ban yarda da wannan hukunci ba. Yaron wata ƙa'ida yake bi, kuma daidai yake bin ta. Ƙa'idar Hausa ce da ya tashi da ita a baki, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa cewa Turanci da rabinta kawai yake aiki.

Rabuwar kalmomin gida biyu ita ce mai sauƙin, don Bahaushe yana da irinta. A darasin Hausa ana koyar da gajeriyar mallaka da doguwar mallaka. Gajeriya ita ce mai liƙewa a jikin suna: littafina, gonarka, ɗakinki. Doguwa ita ce mai tsayawa da ƙafarta: nawa, taka, naki. Jerin "my, your, her" aikin gajeriya yake yi, ba ya zama sai da suna, illa dai shi gaban suna yake shiga, namu kuwa baya yake bi. Jerin "mine, yours, hers" aikin doguwa yake yi, inda an riga an san abin da ake magana a kai. "This is my cap", wannan hulata ce. "This cap is mine", wannan hula tawa ce. Wuri ɗaya ne suka saɓa. Hausa tana barin doguwa ta zauna kusa da suna idan ana son ƙarfafawa, a ce tawa hular, nasa rabon, amma Turancin yau ba ya karɓar "mine cap". Na da ya karɓa. "Mine" ita ce asali, "my" gutsurenta ne, kuma an daɗe ana cewa "mine eyes" idan kalmar gaba ta fara da wasali, kamar yadda "a" da "an" suke yi har gobe. Wannan ya wuce. Mai son ƙarfafawa yau sai ya danna murya a kan "my", ko ya ce "my own cap".

Ainihin cutar tana cikin kalma irin matarsa. Fasa ta gida uku: mata, r, sa. Wannan r ɗin yana faɗa maka jinsin abin da aka mallaka. Shi kuma sa yana faɗa maka jinsin mai shi. Haka mijinta: n ya tafi ga miji, ta ya tafi ga mai mijin. Doguwar ma haka take, tasa da nata, gaɓar farko ta abin ce, ta biyu ta mai shi. Wato duk sanda Bahaushe zai ambaci mallaka, tambaya biyu yake amsawa a cikin ƙiftawar ido ba tare da ya sani ba: abin namiji ne ko mace, mai shi namiji ne ko mace. Bature tambaya ɗaya gare shi, ta biyun. Mota da hula da gona ba su da jinsi a wurinsa. Ko abin yana da jinsi na halitta, kamar mata ko uwa ko ƙanwa, ba ruwan "his" da wannan: "his wife, his mother, his sister". Ba ruwansa da yawa ko ƙaranci kuma, "his goat, his goats".

To me ya sa cikin amsoshin nan biyu yaro ke ɗaukar wadda ba a so? Saboda tsarin da ya saba da shi. A Hausa suna ne ke fara fitowa, shawarar jinsi ta farko kuma a kan sunan ake yanke ta. Da kalmar mata ta faɗo masa a rai, harshensa ya riga ya karkata ɓangaren mace. Sai ya zo Turanci, inda kalmar mallaka ke riga suna fita, ya ba ta jinsin abin da ke tafe maimakon jinsin wanda aka bari a baya.

A Sakkwato abin ya ƙara tsauri, kuma littattafan da ake kawo mana ba su san da wannan ba. Yaron da ya tashi a Mabera ko Runjin Sambo ko Gidan Igwai ba motarsa yake cewa a gida ba. Motatai yake cewa. Matatai, ɗiyatai, rigatai, a wancan ɓangaren kuma gidanai, ɗanai, abinai. Saurari motatai da kyau. Gaɓar da ta cika kunne ita ce ta, wadda take ta motar ce, alamar namijin kuwa ɗan i ne kawai a can ƙarshe. Motar mace kuma motatta ce, don Basakkwace yakan narkar da r cikin baƙin da ke bin sa. Ga kuma ta uku, motata, wato tawa. Kalma uku, motata, motatai, motatta, dukansu cike da ta, a Turanci kuwa "my car, his car, her car". Wanda aka koya wa cewa ta tana nufin "her", aka tsaya nan, an haƙa masa rami ne.

Akwai wani abu da ya sa cutar ke daɗewa a ɓoye. Haɗuwar jinsin abu da jinsin mai shi iri huɗu ce. Biyu sun dace da juna: abu namiji na namiji, kamar wansa ko littafinsa, da abu mace na mace, kamar jakarta ko yayarta. A waɗannan, ko wace tambaya yaro ya amsa cikin biyun, daidai zai faɗa. Sauran biyun su ne masu gicciye: hularsa, gonarsa, uwarsa a gefe guda, mijinta, ɗanta, takalminta a ɗaya gefen. Duba misalan da aka fi rubutawa a allo. Musa da "his book", Amina da "her bag". Littafi namiji, jaka mace. Yaro zai ci goma bisa goma alhali ƙa'idar da ke kansa karkatacciya ce, malami kuma ya wuce babi na gaba da murna. Wanda ya tsara littafin a Ikko ko Ibadan ba shi da laifi sosai, don harsuna irin Yarabanci da Igbo ba sa raba namiji da mace a wakilin suna ko kaɗan, matsalar 'ya'yansu daban ce. Amma malamin da ke tsaye gaban 'ya'yan Hausawa ya kamata ya san cewa atisayen da zai yi amfani shi ne wanda aka cika shi da masu gicciye kaɗai. Tasa da nata, su za a yi ta nanatawa. Nasa da tata suna iya kula da kansu.

Na ga wata malama tana yin wannan a wani zaure da ake yi wa yara darasin yamma bayan la'asar. Ba ta fara da Turanci ba. Ta rubuta hularsa a allo da manyan baƙaƙe, ta sa yatsa ta goge r, har wurin ya yi dabbare da alli. Ta juyo ta ce, "Mi yar rage?" Suka ce hula da sa. Ta ce su fassara sa kaɗai. Wata yarinya a gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ai hula mace ta." Malamar ta ce, "Ga Hausa mace ta, ɗiyata. Bature bai tambaye ki wannan ba. Wa ad da ita?" Yarinyar ta ce Musa. "To Musa namiji na ko mace?" Aka yi dariya. Daga nan ta jero musu gonarsa, ɗanta, wayarsa, agogonta, kowa ya fito ya goge harafin tsakiya da yatsansa kafin ya buɗe baki. Ko mintuna ashirin abin bai kai ba.

Abin mamaki, garin da ya fi kowane gari a ƙasar Hausa alfahari da karatun Larabci yana da mabuɗin wannan a hannu, bai dai yi amfani da shi ba. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya san kitabuhu da kitabuha, sayyaratuhu da sayyaratuha. Lamirin da ke liƙe a ƙarshe mai abin kawai yake kallo. Sayyara, wato mota, mace ce, amma ba ta hana hu zama hu ba. Zaujatuhu, matarsa, ba wanda ya taɓa jin almajiri ya ce zaujatuha don zauja mace ce. Wannan daidai yake da "his" da "her". Ka ce wa ɗan Islamiyya "his" ita ce hu, "her" ita ce ha, ka gama rabin aikin. Maƙwabtanmu na tsallaken Illela, da suka yi boko da Faransanci a Ƙonni, su ta ɗaya ƙofar suke shiga matsalar, don Faransanci jinsin abin kaɗai yake dubawa: "sa voiture" ce ko motar ta namiji ce ko ta mace. Idan irinsu suka zo karatu Jami'ar Usmanu Danfodiyo, "his" da "her" kan ba su wahala fiye da namu, don harsuna biyu ne ke jan su wuri guda.

Shi ya sa nake ganin al'adar nan ta cin tarar yaro don ya yi Hausa a aji ta fi cutar da darasin Turanci kansa. Manufar ilimi ta ƙasa da aka fitar a 1977 ta ce a koyar da yaro da harshen da ke kewaye da shi a shekarun farko na firamare, Turanci ya karɓa daga baya. A aikace, makarantun kuɗi suna gasar nuna wa iyaye cewa ba a jin Hausa a harabarsu, makarantun gwamnati kuma ana Hausar amma ba a taɓa jera ta kusa da Turanci a gwada su ba. Ko ta ina, yaro bai samu wanda zai fasa masa matarsa gida uku ba. Ga shi kuma ba ya shiga jami'a sai da kiredit a Turanci, ko WAEC ya zana ko NECO.

"Its" ita ce baƙuwa ta gaskiya, don Hausa ba ta da jinsi na uku. Komai a wurinmu ko shi ne ko ita ce, har dutse da iska. Saboda haka za ka ga "the car lost her tyre", "the tree and his leaves". Su ma Turawan ba su daɗe da ita ba in aka duba shekarun harshensu. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 16 ta fara bayyana a rubuce, kafin nan "his" suke sa wa abubuwa marasa rai. Ƙa'idar yau ita ce, abin da ba mutum ba "its" ne. Dabba tana iya samun "his" ko "her" idan an san jinsinta kuma an shaƙu da ita, kamar ragon layyar da aka yi wata shida ana kiwonsa a gida, amma "its" ba ta taɓa zama kuskure a kan dabba. Jaridun Nijeriya har yanzu sukan rubuta "Nigeria and her people", tsohon salo ne da ake yi wa ƙasashe da jiragen ruwa, ba laifi, sai dai kada ɗalibi ya ɗauka izini ne na mayar da makaranta da kasuwa mata. Kuma "its" kusan ba ta zama doguwar mallaka. Kana cewa "the bag is hers", ba ka cewa "the tail is its".

"Your" kuwa rahama ce. Inda muke da naka, taka, naki, taki, naku, taku, su guda ɗaya gare su. Sun taɓa raba mutum ɗaya da jama'a, da "thy" da "thine", suka watsar.

Sauƙin nata yana ƙarewa ne a inda girmamawa ta shigo. Bahaushe yana girmama babba da jam'i. Malam sun iso, Baba sun aje motarsu. Yaron kirki ba ya son ya ce wa mahaifinsa shi, sai ya rubuta "my father parked their car", mai karatu kuma ya shiga neman su wane ne masu motar. Turanci ba ya girmamawa ta wannan hanya. Sarki ma "his" ne, kuma laƙabin da ake yi wa Mai Alfarma Sarkin Musulmi da Turanci, "His Eminence", shaida ne. A nan akwai wani abu da masu gabatar da taro a garin nan ke yawan ruɗawa. Idan kana ba da labarin mai muƙami ne, "His Excellency" ko "Her Excellency". Idan kana fuskantarsa kana yi masa magana, "Your Excellency". Bambancin darajarsa da darajarka ne, ba ƙari.

Haka "our". Kunya ta hana mu cewa nawa a kan abubuwa da yawa. Gidanmu muke cewa, babanmu, innarmu, garinmu, ko da mutum shi kaɗai aka haifa. Matar aure takan ce maigidanmu ko da ba ta da abokiyar zama. A Turanci "our husband" labari ne mai zaman kansa. A rubutun insha'i kan iyali, "my father" da "my mother" ake nema, kuma babu rashin kunya a ciki.

Sai inda kalmar mallaka ke cin karo da "a", "the", "this". Hausa tana barin a tara su: wani abokina, littafin nan nawa, wannan ɗan naka. Fassarar kai tsaye ita ke haifar da "one my friend" da "this my book", na biyun har ya zama ruwan dare a Turancin Nijeriya, ana jin sa a bakin manya. A daidaitaccen Turanci kuwa kujera ɗaya ce a gaban suna, in "my" ta zauna, "the" da "a" da "this" ba su da wuri. Ɗan nahawun Larabci ya san irin wannan, don mudaf, wato sunan abin da aka mallaka, ba ya ɗaukar alif da lam, ba a cewa al-kitabuhu. Mafitar da Turanci ya samu ita ce ya tura mallakar baya ya yi amfani da doguwa: "a friend of mine", "this book of mine", "that son of yours". Lura cewa "of mine" ne, ba "of me" ba, ba kuma "of my" ba. Ita kuma "my own" da ake ji ko'ina a madadin "mine", daga Turancin buroka ta shigo. "My own is better" kowa zai gane, amma mai gyaran takarda "mine is better" yake jira. "Own" a daidaitaccen Turanci ƙarfafawa take yi, kamar a ce na kaina, ba na haya ba, ba na aro ba.

Wani fannin da ba a cika koyarwa ba shi ne wuraren da harshe ɗaya ke sa mallaka, ɗayan bai sa ba. Mu mukan ce ya wanke hannu, ta ɗaura ɗankwali, ya karye a ƙafa, ya aske kai, don kowa ya san hannun wa. Turanci sai ya faɗa: "he washed his hands", "she tied her scarf", "he broke his leg". In ka bar "his" a nan, jimlar ta gurgunce. Akasin haka ya fi yawa, kuma ya fi wuyar kamawa. Ina nemansa, ina ganinsu, tana kiranka, duk da gajeriyar mallaka aka gina su, domin nema da gani da kira a nan sunaye ne. Turanci kuwa a waɗannan wurare wakilin suna na karɓau yake so: "I am looking for him", "she is calling you". Yaron da ya koyi cewa nsa ita ce "his" zai rubuta "I am looking for his". A ɓangaren mace kuskuren ba ya fitowa, don "her" aiki biyu take yi, ita ce ta "her book", ita ce ta "I saw her". Wannan ma wani wurin ɓuya ne, irin na Amina da jakarta. Kalmomin wuri ma haka: bayansa "behind him" ne, gabansu "in front of them", ba "in their front" ba. Dukanmu "all of us", ɗayansu "one of them".

A kan kaina da kanka, Turanci ne da kansa bai tsaya a layi ɗaya ba. "Myself, yourself, ourselves" da mallaka aka gina su, kamar namu. Sai aka zo mutum na uku aka sauya, "himself" da "themselves". Yaron da ya rubuta "hisself" ko "theirselves" hankali ya bi, amma za a ja masa jan biro. Wannan haddacewa kawai ake yi.

Sai ɗan waƙafin nan na sama, wanda muke sawa a sana'a da 'ya'ya. A Turanci sunaye suna ɗaukarsa don nuna mallaka, "Amina's bag", "the teacher's chair". Daga nan ɗalibi ke ɗauka cewa duk mallaka da shi take tafiya, ya rubuta "her's", "our's", "your's". Babu ko ɗaya a cikinsu. "Hers, ours, yours, theirs, its, whose" duk haka suke tsirara. Inda ka ga waƙafin a jikin wakilin suna, to kalma biyu aka haɗe: "it's" tana nufin "it is" ko "it has", "you're" tana nufin "you are", haka "they're", "he's", "who's". Gwajin mai sauƙi ne, ka warware kalmar ka ji ko jimlar ta tsaya. "The goat broke it is leg" ba magana ba ce, ke nan "its" ake so. Turawan ma sun daɗe suna rubuta "its" ta mallaka da waƙafi har cikin ƙarni na 18, kuma har yau 'ya'yansu na faɗawa ramin, amma wannan ba zai dawo wa kowa da maki ba. Wurin da abin ya fi ciwo shi ne ƙarshen wasiƙa. Ɗalibi ya rubuta wasiƙar neman aiki mai kyau, ya zo sa hannu ya rubuta "Your's faithfully" ko "Your faithfully". Daidai shi ne "Yours faithfully", babban baƙi a kalmar farko, ƙarami a ta biyu, idan an buɗe da "Dear Sir" ko "Dear Madam". Idan an ambaci sunan mutum a buɗewa, "Yours sincerely". Ma'anarta naka ne ni, doguwar mallaka ce, shi ya sa take da s.

Ruɗanin "his" da "he's" daga kunne yake farawa, kuma yana da dalili a Hausa. Muna da dogon wasali da gajere, shi ya raba gari na zama da gari na tuwo. Amma ba ma jan wasali a gaɓar da baƙi ya rufe. Ka ji yadda a ɗin ƙarshen gida ke gajarcewa da zarar an ce gidan. To "he's" dogon wasali ne a rufaffiyar gaɓa, abin da bakinmu bai saba ba, sai mu gajarce shi ya koma "his". Abin da baki ya haɗe, hannu ma sai ya haɗe, a ga "his my brother" a saƙon WhatsApp. "Their, there, they're" kuwa ko a bakin Bature sauti ɗaya ne, ma'ana kaɗai ke raba su, kuma rubutun Facebook, inda ake dunƙule su duka a "dia", bai taimaka ba.

"Whose" tana buƙatar a ɗan tsaya mata. A tambaya ba wuya: na wane ne, ta wace ce, duk "whose". A tsakiyar jimla ne take kayar da mutane, har da masu digiri. Mukan ce mutumin da motarsa ta lalace, matar da ɗanta ya ci jarrabawa. Akwai da, akwai kuma mallaka a jikin suna, kowanne da wurinsa. Sai a kwaso su duka biyun a ce "the man who his car broke down", ko "the woman that her son passed". Turanci ya haɗiye su cikin kalma ɗaya: "the man whose car broke down", "the woman whose son passed". In "whose" ta shigo, "his" da "her" sun fita. Ba ta da jinsi, ba ta da adadi, kuma tana aiki a kan abubuwa marasa rai, "a town whose market is famous".

Akwai wuri ɗaya da su kansu masu harshen ba su gama daidaitawa ba. Kowa ya ɗauki littafinsa, in ji Bahaushe, ya sa namiji ya wakilci kowa, in kuma mata ne zalla ya ce kowacce ta ɗauki littafinta. Tsofaffin littattafan nahawun Turanci ma haka suka koyar, "everyone should take his book". Daga baya aka koma "his or her". Yau "their" ta mamaye magana da yawancin rubutu, kuma ba sabuwa ba ce, tun ƙarni na 14 ake samun ta a wannan aiki. A tambayoyin zaɓi na jarrabawa, masu tsarawa sun fi karkata ga tsohuwar ƙa'ida ta guje wa "their", don haka in "his or her" tana cikin zaɓin ita ta fi aminci. Idan jimla ta fara da "one", to da "one's" za ta ci gaba, "one should mind one's business", kuma ita ce kaɗai a dangin nan mai waƙafin sama. A insha'i kuwa, inda ɗalibi ke da ikon gina jimlarsa, ya mayar da ita jam'i tun daga farko: "all students should take their books".